Hoto ya fito dishi-dishi a kyamarar telemeta: gano inda laifin yake kafin ka taɓa bis

Mutum ya karɓo fim daga wanki, ya tarar idon amarya ya dushe, labulen da ke bayanta kuwa ya fito tar. Abin da yawanci ke fara yi shi ne neman turnabis. A ajiye shi tukuna.

A kyamarar fim mai telemeta (ma'aunin nisa na yin saiti), wato irin mai tagogi biyu ko uku a goshi kamar Leica M, Canon P, Zorki 4, FED, Kiev 4, Yashica Electro 35 da Canonet QL17, ba ta cikin objektif, wato gilashin gaba da ke ɗaukar hoto, kake leƙawa ba. Abin da idonka ke gani a tagar leƙe daban yake da abin da ke sauka kan fim, ƴan ƙarafa ne kawai suka haɗa su. Don haka kyamarar tana iya nuna maka saiti ya yi alhali bai yi ba. Laifin yana ɓuya a ɗayan wurare huɗu: idonka da hannunka, telemetar da ke cikin jikin kyamara, objektif, ko wurin da fim ke kwanciya. Bis ɗin da ake gaggawar murɗawa ɗaya tak yake gyarawa cikin huɗun. In ba nan ciwon yake ba, ka ƙara masa na biyu ke nan.

Yadda abin yake aiki, a taƙaice. Haske na shiga ta taga biyu da ke nesa da juna, sai madubi ya haɗa hotunan biyu a wani ɗan tabo mai haske a tsakiyar tagar leƙe. In ka murɗa zoben saiti, wani zoben ƙarfe a bayan objektif, zoben turi, yana matsowa ciki ko waje, yana tura ƴar taya da ke bakin wani hannu a saman bakin kyamara, hannun kuma ya juya madubi ko ƙaramin gilashi a ciki. Hotuna biyu sun hau kan juna, saiti ya yi. Duk tafiyar da objektif na milimita 50 ke yi daga can ƙurewar nesa zuwa mita 1 ba ta wuce kusan milimita 3 ba. Cikin wannan milimita 3 ake raba duniya gaba ɗaya.

Shi ya sa ƙaramin kuskure ke da girma. Kuskuren milimita 0.1 tsakanin gilashi da fim, wato kaurin takardar littafi, yana kawar da saiti da kusan santimita 3 in abin da ake ɗauka yana mita 1. Iyakar abin da ke fita tar a objektif na 50 a buɗe f/2 (lambar buɗewar idon objektif: ƙaramar lamba, babbar buɗewa) a wannan nisa kuwa kusan santimita 4 ne gaba ɗaya, rabi gaba rabi baya. A f/1.4 kusan 3. Objektif na 90 a f/2 bai bar maka fiye da kusan santimita 1 ba. Na 35 a f/2.8 a nisan mita 3 kuma ya ba ka fiye da mita guda, wanda ke nufin mai ɗaukar hoton kasuwa da rana a f/8 zai iya shekara goma da karkatacciyar telemeta bai sani ba.

Su kansu kyamarorin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Tazarar da ke tsakanin tagogin, in aka ninka ta da girman da tagar leƙe ke nunawa, ita ce ma'aunin daidaito. Leica M3 ta 1954 tana da kusan milimita 62, M6 mai taga 0.72 kusan 50, Leica CL ta 1973 ba ta kai 19 ba. Wanda ya ɗora 90 mai f/2 kan CL yana rasa saiti a kusa, ba lalacewa ba ce, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Fara da abin da ba ya cin fim

Ɗaga negatif ɗin da ya ba ka haushi zuwa haske, ka duba shi da gilashin ƙara girma. In ba ka da shi, cire objektif na 50 ka juya shi baibai ka leƙa, yana ƙara girma kusan sau 5. Kada ka yi hukunci da hoton da aka buga a takarda ko wanda aka turo maka a waya, domin injin sikan ma yana nasa kuskuren. Tambaya ɗaya ce: akwai wani wuri a hoton da ya fito tar? In akwai, amma ba inda ka nufa ba, matsalar saiti ce, ka lura ko gaba ya tsaya ko baya ya wuce. In babu ko'ina, kuma layuka sun ja wutsiya ta ɓangare ɗaya, hannu ne ya girgiza. In babu ko'ina kuma hoton ya yi fari-fari kamar safiyar hunturu, haska tocila ta cikin objektif, mai yiwuwa hazo ko fumfuna ta kama gilashin ciki. In kuwa gefe ɗaya kullum ya fi ɗayan kyau, to wani gilashi ya goce daga mazauninsa ko bakin kyamarar ya lanƙwashe bayan faɗuwa.

Sai idonka. Tagar Leica M an yi ta ne yadda ido zai ga abu kamar yana mita 2, kuma sauran ba su yi nisa da haka ba. Wanda ya haura shekara 40 ido ya fara ƙin kusa, ko mai tabarau da ke cire shi kafin ya leƙa, yana ganin tabon a dushe, sai ya tsaya da murɗawa inda ya ga "ya yi kusa". Gwajin mai sauƙi ne: kafa kyamara, ka saita kan abu ɗaya sau biyar, kowane karo ka ɓata saitin ka sake, kana duba inda lambar zobe ta tsaya. In tana yawo, ba wa yaro mai lafiyar ido ya gwada. In shi tana tsaya masa wuri ɗaya, maganin gilashin gyaran ido ne da ake ɗaurawa a tagar leƙe. Zorki 4 tana da ɗan hannu a ƙarƙashin abin naɗe fim baya da ke yin wannan aikin, kuma sau da yawa shi ne ya goce a jaka.

Akwai wata ɗabi'a da ake ɗora wa kyamara laifinta. Tabon yana tsakiya, sai mutum ya saita kan ido sannan ya karkata kyamara don fuskar ta koma gefe. A mita 1, karkatawar digiri 15 na mayar da saiti kusan santimita 3 da rabi bayan idon. Digiri 10 kuwa santimita 1 da rabi. In hotunan da suka ɓaci duk na kusa ne kuma mutumin yana gefe, ka sami mai laifi. Ja jikinka baya kaɗan bayan ka karkata, ko ka rufe zuwa f/4.

Objektif mai shigewa ciki, irin Elmar 50 f/3.5 ko Industar-22, sai an jawo shi har ƙarshe an murɗa ya kulle. In bai kulle ba, telemeta za ta nuna daidai, hoton kuwa ya lalace duka.

Gwajin nesa

Murɗa zobe har ya tsaya a alamar ƙurewar nesa, mai kama da 8 a kwance, ka nufi abu mai nisa sosai kuma mai miƙe tsaye. Bangon maƙwabci bai isa ba, haka ma itacen da ke ƙarshen layi. Ana son abin da ya kai kilomita guda ko fiye: doguwar eriyar waya, hasumiyar masallaci, shato na wata unguwa da ake hangowa daga saman bene. Wata ya fi su duka, musamman rabin wata mai kaifin baki. A Maradi lokaci ma yana da muhimmanci. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan shafe abin da ke nesa, a Afrilu da Mayu kuma zafin tsakar rana yana sa eriya rawa a ido kamar kawalwalniya. Yi gwajin da sassafe ko da dare. Kuma kada ka bar kyamarar da labulen da ke buɗe wa fim haske na ƙyalle ne, irin Leica, Zorki ko FED, tana kallon rana babu murfi. Babu madubi tsakanin gilashi da labule, cikin ɗan lokaci rana ke huda shi.

In hotunan biyu sun haɗu daidai lokacin da zobe ya tsaya, madalla. In sun haɗu kafin ya tsaya suka wuce juna, ko zobe ya ƙare ba su haɗu ba, akwai magana. In ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya tsawo, wannan karkatar sama da ƙasa ce. Ita kaɗai ba ta kawar da saiti, sai dai tana gajiyar da ido, kuma tana yaudara in ka saita kan layi mai kwance-tsaye. Da irin wannan kyamara a riƙa neman layi mai miƙe sosai.

Yanzu canza objektif ka sake. Nan ne ake raba gardama. Objektif uku duk sun kasa haɗuwa ta ɓangare ɗaya, jikin kyamara ne. Biyu sun haɗu ɗaya ya ƙi, wannan ɗayan ne ko zoben da aka ɗaura shi da shi. In kana da objektif ɗaya kacal, nemi wani mai irin kyamararka ku yi musaya na minti goma, ya fi duk wani lissafi.

Kafin ka mayar da objektif, sa ɗan yatsa ka tura ƴar tayar a hankali ka saki. Ya kamata ta dawo nan take. In tana jan ƙafa, ko hoton tabon yana biyo zobe a makare, tsohon man ciki ne ya bushe ya haɗu da ƙura ya zama kamar ƙaro. Alamarta ita ce saiti yana daidai in ka taho daga nesa, ya kauce in ka taho daga kusa, ko akasin haka. Wanke mahaɗar ake yi, ba a gyara wannan da bis, kuma ɗiga man keken ɗinki daga waje sai dai ya kai mai kan madubi. Duba bakin zoben bayan objektif da ita tayar, ƙwayar yashi ɗaya a nan tana iya fin milimita 0.1 ɗin da aka ambata.

Alƙali shi ne wurin da fim ke kwanciya

Haɗuwar tabo a nesa ba ta tabbatar da cewa hoton ya sauka kan fim daidai ba. Ta nuna dai telemeta da zoben objektif sun yarda da juna, kuma suna iya yarda a kan ƙarya. Dole a ga hoton da ido a inda fim ke zama.

Ana bukatar gilashi mai hazo, faɗinsa milimita 35 kamar na fim. In babu, yanka shafaffen murfin kwalin CD, ka manna masa sikoc mai hazo a fuska ɗaya ba tare da kumfar iska ba. Buɗe bayan kyamara za ka ga ƴan tudu huɗu masu sheƙi kamar layin dogo, biyu sama biyu ƙasa. Na ciki su ne na fim, na waje na farantin da ke danne shi ne, kuma sun ɗara na ciki tsawo da kusan milimita 0.2. A kan na ciki ake ɗora gilashin, fuskar hazo tana kallon objektif. Mafi yawan waɗanda gwajin nan ya ɓatar, a kan na waje suka ɗora, ko suka juya hazon baya, sai suka gyara lafiyayyar kyamara ta koma marar lafiya. Sikoc zalla da aka miƙa a bakin taga ma ba abin dogaro ba ne, yana lotsawa.

Ɗaure kyamara a ƙafa uku. Sa gudun labule a B, ka riƙe shi a buɗe da igiyar dannawa mai makulli. Buɗe objektif iyakarsa. Rufe kanka da baƙin zane kamar masu hoton da, ka ɗora gilashin ƙara girma mai sau 8 ko 10.

Fara da nesa: eriyar nan ta fito tar daidai inda zobe ya tsaya? Sannan kusa. Manna shafin jarida a bango, ka ja layi baƙi mai miƙe a tsakiya, kyamara tana fuskantarsa kai tsaye. Auna mita 1 daga fim, ba daga bakin objektif ba. Kyamarori da yawa suna da alamar da'ira da layi ya ratsa a samansu, nan ne wurin fim. Leica M3 ba ta sauka ƙasa da mita 1, su M6 suna kai wa santimita 70. Saita da gilashi mai hazo kawai, ba tare da ka leƙa taga ba, sannan ka leƙa ka ga ko tabon ya yarda. Maimaita a mita 3.

Ga yadda ake karanta sakamakon. Gilashi ya nuna tar a takwas-kwance, lambar zobe ta yi daidai da awon mita, tabo ne kaɗai ya saɓa: telemeta ce. Tabo ya haɗu a nesa, gilashi kuma bai yi tar ba a nesa da kusa duka: gilasan objektif ba su zauna daidai cikin gidansu ba, sai an ƙara ko rage siraran zobban ciko da ke ƙarƙashinsu. In sun yi nisa da fim, saiti na tsayawa gaba, kuma ba ya kai wa nesa sam. Ƙarin milimita 0.1 a objektif na 50 na sa ƙurewarsa ta tsaya a kusan mita 25. In sun matso, saiti na wucewa baya. Nesa daidai a duka biyun amma kusa ya kauce da kowane objektif: tsawon hannun telemeta ne, gyara na dabam da na nesa. Wannan shi ne mai wahala, domin taɓa ɗaya na motsa ɗayan, sai an yi ta kai da komo.

Tsofaffin da ake sa wa fim ta ƙasa, irin Leica mai zare, Zorki ta farko da FED ta farko, bayansu ba ya buɗewa. Su sai gwajin fim.

Objektif da ba su lalace ba amma suna kaucewa

A nan ake yawan ɓarnar kyamara a banza. Leica ta gina telemetarta a kan objektif mai ainihin tsawon milimita 51.6. Na Tarayyar Sobiyet irin Jupiter-8 da Jupiter-3 sun gaji ma'aunin Contax na Zeiss, kusan 52.4. Zaren bakinsu ɗaya ne, suna ɗauruwa lafiya, a nesa ma suna haɗuwa. Amma a mita 1 mai tsawon 52.4 yana bukatar ƙarin fitowa na kusan milimita 0.1 fiye da abin da telemetar Leica ko Canon ke tsammani, sai saiti ya wuce baya da kusan santimita 3. Jupiter-9 mai 85 ya fi haka muni. Ana iya ƙara wa Jupiter-8 ciko ya yi daidai a kusa, a bar nesa ga f/4 zuwa sama. Abin da bai dace ba shi ne a murɗa kyamara ta bi shi, domin daga ranar duk sauran objektif ɗinka sun kauce.

Na biyu, gocewar saiti in an rufe idon objektif. Wasu objektif masu saurin haske, musamman ƙirar Sonnar 50 f/1.5, inda suke tar a f/1.5 daban yake da inda suke a f/2.8, saitin yana ja baya in ana rufewa, sai wajen f/5.6 zurfin ya rufe bambancin. Halittar gilashin ce. Zeiss C Sonnar na zamani da farko an saita shi ne ya yi daidai a f/2.8, don haka a buɗe yana tsayawa gaba kaɗan. Ka san a wace buɗewa naka yake daidai, ka riƙa ramawa da jiki.

Na uku, zoben da ke ɗora objektif mai zare kan Leica M. Tazarar bakin zare zuwa fim milimita 28.8 ce, ta bakin M 27.8, don haka kaurin zoben dole ya zama milimita 1 cif. Na araha sukan kauce. Da objektif na 50, zobe mai kauri yana hana kai wa nesa, amma tabo da fim na nan tare, tunda gilashi da zoben turi tare suka matsa. Da na 90 ko na 35 kuwa rabuwa suke yi, na 90 ya wuce baya, na 35 ya tsaya gaba. Ɗora objektif kan kyamarar dijital ta zamani yana nuna lafiyar gilashi da gocewar rufewa, amma bai ce komai ba game da zoben turi.

Gwajin fim

Ko an yi na gilashi, wannan ne na ƙarshe, kuma hoto 12 sun isa, ga tsadar fim yanzu. Sa fim mai ISO 100, ƙafa uku, gudun 1/125 ko sama, a inuwar zaure mai haske. Jingina regil na ɗan lakkwal a karkace digiri 45 kusa da layin da za ka saita a kai, lamba 15 tana daidai da layin. Kada ka saita kan regil ɗin kansa, tabo ya fi faɗin lamba ɗaya. Kowace santimita a regil mai wannan karkata tana nufin milimita 7 na zurfi. Ɗauki uku a mita 1 a buɗe, kana sake saiti kowane karo, wani karo ka taho daga nesa, wani karo daga kusa. Sai f/2.8 da f/4 ba tare da taɓa zobe ba. Sai mita 3, sai nesa. Rubuta bayanin kowane hoto a takarda ka sa cikin hoton, in ba haka ba bayan wanki ba za ka tuna ba.

In gilashi mai hazo ya ce komai daidai, fim kuma ya ce a'a, ko wasu hotuna daidai wasu a'a ba tare da tsari ba, duba farantin danna fim. Ƙarfen da ke danna shi daga baya kan saki. Fim da ya kwana makonni a kyamara cikin zafi ma yakan yi ƙusumbi a hoton da ke bakin taga, shi ya sa hoton farko bayan dogon ajiya ba a kafa hujja da shi.

In ta tabbata telemeta ce, kuma nesa kawai ta kauce, gyaran bai da yawa. A Leica M bis ɗin yana tsakiyar ƴar tayar, na tsofaffi mai tsaga ne, na baya-bayan nan kuma mabuɗin Allen na milimita 2. A Zorki da FED ana cire ƙaramin bis na ado da ke gefen tagar leƙe ta gaba, na gyaran yana ciki; sama da ƙasa kuma ana juya gilashin zagayayyar tagar ne. Yi alama kafin ka taɓa, ka tallafe hannun kada ya lanƙwashe, ka murɗa kamar kaurin gashi, ka mayar da objektif ka duba wata. Masu gyaran agogo a kasuwa suna da turnabis da ya dace da irin waɗannan kawunan. In bis ya yi sako-sako, ɗigon jan farce ya riƙe shi, ban da gam mai kamawa nan take. Madubin ciki mai rabin sheƙi kuwa ba a goge shi ko da auduga, rufinsa na bin ta ya tafi, tabon ya ɓace.

Bayan gyara, kyamarar ta zauna a jakar da ke rataye a jikinka in za ka hau kabu-kabu, ba a kan tanki ko cikin akwatin baya ba, domin girgizar hanya ce ta fi saurin kwance bis ɗin nan. Bayan doguwar tafiya, ko ta Madarunfa ce ko ta Katsina, leƙa eriya a takwas-kwance kafin ka sa sabon fim.